Alhaji Piyeto Ya Tsuke Layin Goro

Duk wanda ya shiga kasuwar Adjamé ya fita bai ga Alhaji Mijinyawa ba, to ya koma, bai ga kasuwa ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa iri-iri, kuma don gudun kada jama'a su manta, shi da kansa yake ɗaukar wahalar tuna musu kowace safiya. Shekara tara ke nan yana shugabancin 'yan kasuwar Layin Goro, ko da yake shi ba goro yake sayarwa ba. Filas da kulolin abinci yake shigowa da su daga Sin. An zaɓe shi ne a shekarar da dattawan layin suka tafi aikin hajji tare. Tun daga nan, duk sanda aka ta da maganar sabon zaɓe, sai ya ce shi mulki bai dame shi ba, amma ba zai iya yar da jama'a a tsakiyar hanya ba.

Shekararsa ashirin da bakwai a Abidjan, kuma ya ƙware a Faransanci irin ƙwarewar da ba ta bukatar yawan kalmomi. Uku ya riƙe: wala, da dakor, da se sa. Duk ukun ma'anarsu ɗaya a wurinsa, wato na ji, na gane, tun kafin ka faɗa na sani. Sauran harshen ya bar wa yara don su ma su sami abin yi. Ciniki da Hausa da Julanci yake yinsa, inda suka ƙare yatsu su ɗauka.

Abu ɗaya ne Alhaji bai yarda da shi ba, tafiya a ƙasa. Direbansa Sadi yakan ajiye shi daidai ƙofar bayan shagonsa, wadda ke kallon babban titi, ya yi taku huɗu ya hau kujera. Masallacin Juma'a kuwa, ko da yake daga shagon ana jin kiran salla, a mota yake zuwa. Sai ya zagaya ta Indénié, ya sha cunkoso, ya iso an ta da iƙama, a buɗa masa sahu.

'Yarsa Afra'u tana karatun tsarin birane a wata jami'a mai zaman kanta a Treichville. A Abidjan aka haife ta, Hausarta ɗingishi take yi, Faransanci ne ke tallafe da ita. Wata Asabar jami'ar ta gayyaci iyayen ɗalibai. Alhaji ya shirya, Sadi ya wanke mota sau biyu, aka haye gada.

A bakin ƙofar jami'a mai gadi ya ɗaga hannu. Alhaji ya sauke gilashi ya ce masa dakor. Mai gadi ya nuna wani fili a waje inda motoci suke jere. Alhaji ya ƙara masa da wala. Mai gadi bai motsa ba. Da kalmomin suka ƙare, Alhaji ya fito.

Titin da ya sani bara, wanda motoci huɗu ke jerawa a kai, an tsuke shi ya koma na mota ɗaya, ita ma sai ta asibiti ko ta kawo kaya. An daɓe gefe da gefe da duwatsu, an dasa itatuwa, an jera bencina da manyan tukwanen furanni. Ɗalibai na tafiya a tsakiyar hanya suna hira, babu mai waige. Afra'u ta tarbe shi a bakin ƙofa. Alhaji yana tafe yana huci, sabon takalmi yana cizonsa, yana shirya maganar da zai faɗa wa shugaban wurin a kan wulaƙanta manyan baƙi. Sai ga wani dattijo mai furfura cikin kwat ya nufo su, jaka rataye a kafaɗarsa, kowa na gaishe shi.

Afra'u ta ce, “Papa, shugaban jami'ar ke nan.”

“A ƙasa?”

“Kowa a ƙasa yake tafiya a nan. An rage wa motoci hanya don piyeto su sami wuri. Masu tafiya da ƙafa, Papa.”

Dattijon ya tsaya, ya ba Alhaji hannu, ya yi wata doguwar magana yana nuna itatuwa. Alhaji ya ce se sa. Kafin su kai zauren taro ya gano abu biyu. Na ɗaya, tafiya a ƙasa ta zama harkar manya. Na biyu, duk faɗin Adjamé babu wanda ya san haka sai shi. Ya kuma koma gida da kalma ta huɗu.

Ran Litinin bayan la'asar ya tara mutanen layi a gaban shagonsa. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce, “Jama'a, na je jami'a.” Ya bi fuskokinsu da kallo don maganar ta zauna.

“Na gana da shugabanta, mun yi musayar ra'ayi mai zurfi. A da, in gari ya ci gaba sai ya faɗaɗa hanya. Yanzu masu ilimi sun gano kuskure aka yi. Duniya ta bar zamanin faɗi, ta shiga zamanin tsukewa. Ni Mijinyawa ba zan zauna ina kallo Treichville ta wuce Adjamé ba alhali ina raye. A can kashi uku cikin huɗu suka rage. Ni saboda tausayinku rabi kawai zan rage. Layin Goro zai zama piyeto.”

Layin Goro taku biyar ne faɗinsa. Wotoro biyu, wato amalanken da ake tura kaya da shi, sukan gitta juna a cikinsa, mutum ya ratsa tsakani in ba mai ƙiba ba ne. Rumfuna sun haɗe ta sama, rana ba ta shiga sai a sace. A nan ake sauke huhunan goron da ke zuwa daga Anyama, a zaɓe, a canja ganye, a yayyafa ruwa, a ɗaure, a tura wa manyan motocin da ke tafiya Maraɗi da Kano.

Hajiya Barakatu ce ta fara magana. Babbar 'yar goro ce, a layin ta tashi, rumfar mahaifinta ta gada. Ta ce, “Alhaji, Allah ya ƙara girma. Su can motoci suka kora. Mu nan wa za mu kora? Shekarata talatin a rumfar nan, ban taɓa ganin mota ta shigo ba.”

Alhaji ya yi murmushin wanda ya je jami'a. “Hajiya, amfanin ilimi ke nan. Ba a jira sai motar ta zo. Kuma wotoro mene ne in ba mota ba? Yana da taya ko ba shi da ita?”

Alu, babban masu wotoro na layin, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya ɗan russuna daga baya. “Ranka ya daɗe, ai mu ma da ƙafa muke turawa.”

“Kai piyeto ne, Alu, babu mai musu. Amalankenka ne ba piyeto ba. Za a duba lamarinsa.”

Aka shafa fatiha. Mutane suka watse suna cewa maganar Alhaji ce, kwana biyu za ta yi ta wuce kamar ta bara, lokacin da ya ce zai sa wa layin agogon bango.

Wannan ba ta wuce ba. Daga aljihunsa ya yi aikin, kuma bai gaya wa kowa haka ba sai wanda ya haɗu da shi. Ran Lahadi, da kasuwa ba ta cika ba, aka shigo da tukwanen siminti goma sha biyu, kowace sai ƙarti huɗu sun kama. An shafe su da koren fenti, an rubuta sunansa a jikin kowace. Bai jera su a gefe ba. Ya tuna a jami'a ya ga an karkata hanya don motoci su rage gudu, saboda haka ya sa ɗaya a dama, ta gaba a hagu, har ƙarshen layi. Ya ƙara da benci biyu. A ranar mutanen layi suka raɗa masa suna Alhaji Piyeto. Da ya ji, sai ya ce shi bai nemi sarauta ba, amma tunda jama'a sun ga ya dace, ba zai ƙi ba.

Da safiyar Litinin Alu ya turo huhu shida na Hajiya Barakatu. Ya wuce tukunya ta farko da ƙyar. A ta biyu taya ta maƙale. Ya ja baya, ya tarar wotoro uku sun riga sun biyo shi. Na bayansu ba su san abin da ke faruwa ba, suna ta turowa. Kafin hantsi cunkoson ya kai babban titi, direbobin gbaka, ƙananan motocin haya, suna ta danna oda. Masu tafiya da ƙafa, waɗanda dominsu aka yi aikin, suka koma tafiya a kaikaice suna riƙe ciki. Wata mata mai tallan aloko, soyayyar ayaba, ta hau benci don ta tsallake, ta sauka a cikin kwandon wani.

Daga ranar kaya suka koma kai. Alu da ke tura huhu shida a tafiya ɗaya ya koma ɗaukar ɗaya a ka, yana shekara hamsin, yana zagaya tukwane kamar mai rawa. Sauran huhunan su zauna a bakin titi cikin rana suna jiran layi. Goro ba ya son rana. Sau biyu motar Maraɗi tana tashi ba da kayan Hajiya Barakatu ba, kuma da aka kwance huhunan aka tarar rabi ya yi yaushi, sankara ta shiga sauran. Uku daga cikin masu wotoro suka koma layin 'yan atamfa. Alu ya fara zuwa aiki da tsumma ɗaure a wuya. Furannin tukwanen kuwa, da yake rana ba ta shiga layin, suka mutu cikin mako biyu, tukwanen suka sami aikin da ya dace da su, na tara ɓawon ayaba da tofin goro.

Kayan Alhaji ba su sha wannan wahala ba, domin ta ƙofar baya suke shiga. Amma kada a ce bai ba da misali ba. Kullum da ƙarfe goma yakan fito ta ƙofar gaba, ya taka da ƙafarsa har taku goma sha ɗaya zuwa benci na farko, ya zauna, a kawo masa shayi. A nan yake karɓar koke.

Wata rana Hajiya Barakatu ta zo. Ta dire kwano cike da ruɓaɓɓen goro a gabansa, ta tsaya.

Alhaji ya leƙa kwanon, ya girgiza kai cikin tausayi. “Hajiya, a jami'a ma an yi kuka da farko. Goro in ya lalace, baɗi wani zai fito. Tarihi fa? Wata rana jikokinki za su ce a rumfar kakarsu aka fara.”

Ta ce, “In rumfar ta kai lokacin.” Ta bar masa kwanon ta tafi.

A makon nan ne Malam Nomau, dattijon da ya fi kowa daɗewa a layin, ya fara tambaya a hankali ko akwai wanda ya san inda aka ajiye takardar dokokin ƙungiya, musamman shafin da ya yi maganar zaɓe. Labarin ya kai kunnen Alhaji. Shayin ranar bai yi masa daɗi ba.

Sai Allah ya kawo masa mafita, a ganinsa. Wata yamma Afra'u ta same shi a tsakar gida, tana murza gefen mayafi. “Papa, malamarmu Madam Akisi za ta kawo mu Layin Goro ran Alhamis. Ita ce ta tsara hanyar jami'a. Amma Papa, akwai abin da ya kamata ka sani, ita duk shekara...”

Alhaji ya ɗaga hannu. “Na sani. Labari ya kai musu. Na yi mamaki ma da suka daɗe haka.”

“Ba haka ba ne, Papa.”

“Ke yarinya ce. Ki dai tsaya kusa da ni, in na gaji da Faransanci ki karɓa.”

Ran Alhamis ya sa aka kwashe ɓawon ayaba, aka soka furannin roba a tukwane. Ya tsaya a bakin layi tun da hantsi, dattawa a bayansa, har da Malam Nomau, don ya gani da idonsa. Madam Akisi ta iso a ƙasa, 'yar gajeriyar mace mai tabarau, ɗalibai ashirin na biye da ita, tef ɗin awo a hannunta. Ta tsaya. Ta dubi layin. Ta juya ta tambayi Afra'u ko ɓatan hanya suka yi.

Alhaji bai jira ba. Ya yi jawabin maraba na minti ashirin da Hausa, ya faro daga zuwansa Abidjan da jaka ɗaya, ya bi ta ganawarsa da shugaban jami'a, ya ƙare da cewa ilimi ba a aji kaɗai yake ba, wasu da shi ake haihuwarsu. Madam ta saurara cikin ladabi. Da ya gama ta durƙusa ta auna tsakanin tukunya da rumfa. Ta ga Alu ya taho da huhu a ka, ta matsa masa, ta bi shi da kallo har ya ɓace. Sannan ta juya ga ɗalibanta ta fara magana da Faransanci.

Abin da ta faɗa, kowa a layin ya ji shi ban da mutum ɗaya. Ta ce shekara huɗu da suka wuce ta yi wata guda tana zuwa layin nan da wannan tef ɗin. Ta ce faɗin hanyar jami'a daga nan ta ɗauko shi, da inuwar, da yadda mai kaya da mai tafiya suke wuce juna ba mai ture wani. Ta ce 'yan goro sun yi shekaru suna da abin da jami'a ta sha wahala kafin ta kwaikwaya.

Alhaji ya ce, “Wala.”

Ta ce duk shekara takan kawo ɗalibai su ga yadda ake yi. Bana kuwa za su ga abin da ya fi wannan amfani, wato yadda mutum ɗaya da bai fahimci abin da ya gani ba zai iya kashe hanya cikin yini guda.

Alhaji ya dafa ƙirji ya ce, “Se sa.”

Ta ce ba ta san wanda ya yi wannan ɓarna ba, amma da alama ya rubuta sunansa sau goma sha biyu don kada a ɗora wa wani.

“Dakor,” in ji Alhaji, ya fara tafi. Babu wanda ya taya shi. Malam Nomau yana ta duban rufin rumfa, kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya juya ga 'yarsa. “To, fassara wa jama'a. Ba kowa ne ya ji ba.”

Afra'u ta dubi ƙasa. Ta dubi mahaifinta, gumi na bin gefen hularsa, fuskarsa cike da jira. Hausarta da ma ɗingishi take, yau sai ta zauna gaba ɗaya. Da ƙyar ta ce, “Madam ta ce... layin nan da hanyar jami'a iri ɗaya ne. Ta ce ba ta taɓa ganin aiki irin wannan ba. Ta ce ɗalibai za su koyi darasi da shi.” Sannan ta ƙara da cewa, “Kuma ta ce yanzu saura mataki na biyu. A ɗauke tukwanen.”

Alhaji ya ɗaure fuska. “A ɗauke?”

Kowa ya juya ga Hajiya Barakatu, wadda Faransancinta ya ishe ta yin faɗa da kowane direba a Adjamé. Ta dubi yarinyar, ta ga idonta ya kawo ruwa. Ta gyara mayafi ta ce, “Haka ta ce, Alhaji. Ni ma na ji. A jami'a ma mataki-mataki ake yi.”

Alhaji ya gyaɗa kai. “Da ma abin da nake shirin sanarwa ke nan ran Juma'a. Ta riga ni.”

Kafin a taɓa komai Madam ta nemi izinin ɗaukar hoto. Alhaji ya tsaya jikin tukunya ta farko, ya ɗora hannu a kanta, ya ɗaga haɓa. Bayan azahar Alu da mutanensa suka kwashe tukwanen a wotoro, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a taɓa ganin an tura kaya mai nauyi da fara'a irin ta ranar ba. Motar Maraɗi ta tashi ran Asabar da huhunan Hajiya Barakatu cif. Malam Nomau ya ce takardar dokokin ba ta ɓata ba, yana nan yana karantawa a hankali.

Bayan wata biyu jami'ar ta buga ɗan littafin darasi, da hoton a shafi guda da rubutu layi ɗaya a ƙarƙashinsa. Afra'u ta ɓoye nata a ƙasan akwati. Amma wani abokin karatunta mai kirki ya kawo wa Alhaji kwafi har shago. Alhaji ya kai aka faɗaɗa shafin, aka sa masa gilashi da firam mai ruwan zinariya, ya rataye shi saman kujerarsa. Duk wanda ya shigo sai an nuna masa. Masu jin Faransanci su karanta, su ce ma sha Allah, su fita da sauri.

Haka aka yi wata huɗu, har ranar da wani Malam Shamsuddin, tsohon malamin makaranta daga Damagaram, ya zo sarin filas. Baƙo ne, bai san komai ba. Alhaji ya nuna masa hoton ya ce, “Malam, kai da ka yi boko, karanta wa waɗannan abin da jami'a ta rubuta a kaina. Ni in na faɗa sai a ce yabon kai ne.”

Malam Shamsuddin ya sa tabarau, ya matsa, ya karanta a hankali, ya fassara kamar yadda ya saba yi wa 'yan aji. “An ce, Hoto na bakwai: misalin abin da bai kamata a yi ba.”

Mutum biyar ne a shagon, kowa ya sami filas ɗin da zai duba. Alhaji ya daɗe yana kallon bango. Daga baya ya ce Faransancin Nijar da na Abidjan akwai ɗan bambanci.

Washegari da aka buɗe shago hoton yana nan inda yake. An dai liƙa wata 'yar takarda mai tambarin kamfanin filas a kan rubutun. Sadi direba ya tambaya ko a sauke shi gaba ɗaya. Alhaji ya ce a bar shi, rigarsa ta fito sosai a hoton.